Sahabi Mai Fenti da Kakannin Roba

Duk wanda ya taɓa zama shan shayi a bakin tashar Jega ya san Sahabi Mai Fenti, ko yana so ko ba ya so. Kafin mai shayi ya gama juya maka kofi, Sahabi ya riga ya ba ka labarin saniyar da ya zana a bayan wata mota, wadda wani bijimi ya biyo tun daga Maiyama yana kuka. Babu wanda ya taɓa ganin saniyar, balle bijimin. Abin da idon jama'a ya gani na aikin Sahabi bai wuce "Akwai Ƙanƙara" a bangon shago ba, sai amalanken 'yan ga-ruwa da yake shafa wa shuɗi. Manyan motoci kuwa Maiyama ake kai su, wurin Yalwa, wani bawan Allah da ba ya yawan magana. Abin ya daɗe yana ci wa Sahabi tuwo a ƙwarya, domin har ga Allah yana son wata rana ya ga sunansa a bayan babbar mota tana fita gari.

Ana nan sai labari ya zo cewa Alhaji Ummaru, babban ɗan kasuwar albasa na Aliero, ya haɗa motoci uku bodin katako, sababbi fil, ko ɗigon fenti babu a jikinsu. Motocin Alhaji har bakin teku suke kai albasa. Sahabi bai ƙarasa shayinsa ba, ya tare kabu-kabu sai Aliero.

Ya iske Alhaji, farin dattijo, a rumfa tsakiyar buhuna, ya zube ya yi gaisuwa.

"Ranka shi daɗe, na ji zancen motoci. Na zo in hutasshe ka wahalar neman mai henti."

"Ai Yalwa nika tunani," in ji Alhaji.

"Yalwa? Alhaji, wa yak koya ma Yalwa riƙon burushi in ba ni ba?"

Yalwa ya girme shi da shekara goma cif, kuma Alhaji ya sani. Amma mutum ne mai son raha, sai ya kira ɗansa, Malam Lukman, wanda ke koyar da tarihi a sakandare. Lukman ya fito da kwali ya buɗe. Sojoji ne na roba, ruwan toka, ɗari da ashirin, kowanne bai kai tsawon ƙaramin yatsa ba. Sittin mutanenmu ne na zamanin zuwan Turawa, masu baka da mashi. Sittin kuma rundunar Turawan ce, masu bindiga, a cikinsu har da hafsoshi uku Turawa masu hular kwano, ga 'yar igwa guda. Lukman ya ce wasa ake yi da su a kan tebur: a jera runduna biyu, a auna tafiyar soja da rula, a jefa ƙwayar lido a ga wanda harbinsa ya samu. Da haka yake nuna wa mutane yadda aka gwabza a da. Ranar Asabar abokansa malamai za su zo, ga sojoji ba fenti.

"To, Sahabi," in ji Alhaji, "ka gyara waɗanga kahin Assabar. In sun yi kyau, motoci naka na. In ba su yi ba, Yalwa na nan."

Lukman ya miƙo littafi mai hotuna da ke nuna launin kayan kowane soja, da 'yan kwalaben fenti, da burushi siriri. Ya ce, "Malam Sahabi, don Allah abu biyu. Kada hentin mota shi taɓa su, kada kuma su sha rana."

Sahabi ya ɗaga burushin ya duba da ido ɗaya. "Wanga ai na sa kwalli na. Malam, ka je ka kwanta abinka. Sojojin ga in nig gama da su, sai ka riƙa ruhe kwalin don kada su tsere."

Da ya isa gida, matarsa Fa'iza ta leƙa kwali ta tuntsire da dariya.

"Maigida, 'yan tsana kaz zo muna da su?"

"Motoci uku na a cikin kwalin ga, in kina da idon gani. Kawo min tabarma."

Littafin nan bai ko buɗe shi ba, ya tokare ƙafar benci da shi. Ya jera sojoji ɗari da ashirin a tsakar gida sahu-sahu, ya aro injin feshi wurin masu gyaran jikin mota, ya tayar da janareta. A lissafinsa minti biyar sun isa. Ya gyara tsayuwa, ya ce bismilla, ya matsa.

Fuuu! Yaƙin da aka shirya wa Asabar ya ƙare a daƙiƙa guda. Iskar injin ta kwashe runduna biyu gaba ɗaya, har da igwa. Wasu suka faɗa kwata, wasu suka haye danga zuwa gidan maƙwabta, agwagwar Fa'iza ta cafke wani mai mashi ta yi waje da shi. Sahabi ya bi ta da gudu yana ihu, "Tsaya, ɓarauniya, ba tsaba ta ba!" Sai da suka zaga unguwa sau biyu kafin ta tofar. Sojan ƙarshe kuwa, bayan an gama neman duniya, Fa'iza ce ta kwaso shi da ludayi daga tukunyar miyar kuka.

"Ga mota ɗaya ta dahu," ta ce.

Sahabi bai karaya ba. Ya ce laifin injin ne, injin zamani ba shi da ladabi. Ya dama fentin mota da tina, ruwan nan mai wari da ake tsinka fenti da shi, ya ce da Turawan nan uku za a soma, tunda su suka jawo rigimar tun farko. Ya tsoma su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora a kan kwanon rufi su bushe, da tsakar rana, a Jega, a watan bazara. Da la'asar ya hau ya sauko da su. Ɗaya ya sunkuya kamar mai neman allura, ɗaya hularsa ta narke ta rufe masa fuska, na ukun kuwa takobinsa ya lanƙwashe ya koma lauje.

Sahabi ya yi ta juya su a hannu, wannan karon ya san ya yi ɓarna da gaske. Amma da ya ga Fa'iza na kallonsa sai ya murje ido.

"Da gangan niy yi. Zahin ƙasar ga haka yay yi ma kakanninsu. Tarihi na, ba ki sani ba."

Ya yanke cewa tina ce mai laifi, saboda haka sauran zai shafa musu fentin mota zalla, mai kauri kamar kunun tsamiya. Kuma da yake Sahabi ba ya iya aiki in ba mai kallo, washegari ya fito da tebur ƙofar shago, bakin hanya.

Wanda ya fara tsayawa shi ne Murtala mahauci, ƙato mai faɗin ƙirji, da tiren nama a kai. Ya sunkuya ya ƙura wa wani mai baka ido.

"Sahabi, wanga wane na?"

"Mayaƙi na. Cikin waɗanda sunka tare Nasara."

"Wallahi hancinai awa na kakana. Kakana ai an ce ya je yaƙin."

Da Sahabi ya yi shiru da an zauna lafiya. Ina! Sai ya buga ƙirji. "To ai shi na! Ni nan in nid dubi hancin jika, sai in hiddo kakanai. Tsaya ka gani." Ya shafa wa sojan jar riga, ya ɗiga masa gemu, sannan, da yake hannunsa ya saba ba a barin bayan mota ba rubutu, ya juya gindin da sojan ke tsaye a kai ya rubuta: "Kakan Murtala, Ba Gudu." Murtala ya ajiye tire, idonsa ya kawo ruwa. Ya yanko wa Sahabi tsoka mai kyau, ya shiga kasuwa yana shela.

Kafin azahar layi ya kai bakin masallaci. Masu faci, 'yan kamasho, dillalan hatsi, kowa ashe kakansa ya je yaƙi. Ban taɓa jin gari mai jarumai kamar Jega a wannan mako ba, domin ko mutum ɗaya bai ce nasa kakan yana gona ranar ba. Wannan ya ce a sa wa nasa koren rawani, wancan ya ce nasa ba ya fita sai da laya bakwai. Inna Ummukulsum, tsohuwa mai ƙosai a bakin tasha, wadda direbobi ke tsoron bakinta fiye da jami'an hanya, ta ratsa layin da sandarta.

"Kai, ɗan nan, ina nawa?"

"Inna, masu baka sun ƙare. Sittin na, an kwashe."

"Waɗancan hwa?"

"Waɗancan na Nasara na."

"To, ka maido min ɗaya. Kakana ba ya zama wajen Nasara ina raye."

Mai hankali zai ce ba ya yiwuwa. Sahabi kuwa ya ce ai wannan shi ne ƙaramin aikinsa. Ya aika aka kawo masa fila, ƙullun nan da ake cike lotsawar mota da shi, ya ɗauki sojan Turawa ɗaya, ya naɗa masa rawanin fila, ya zuba masa babbar riga har ƙasa, ya rubuta: "Kakan Inna, Hana Barci." Jama'a suka ɗauki kabbara. Shi ke nan ƙofa ta buɗe. Waɗanda suka zo daga baya ma ba su san daga wace runduna aka ɗauko musu kaka ba. Zuwa yammacin Juma'a rundunar Turawa ta yi ta sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya, har ba wanda ya rage sai hafsoshin nan uku da suka narke, su ma don ba mai so ne.

Fa'iza ta ce, "Maigida, to da wa za su yi yaƙin?"

"Ke dai ki shirya ganin sunana bayan mota."

Ranar Asabar Sahabi ya so ya tafi shi kaɗai. Amma wa zai yarda kakansa ya fita yaƙi ba rakiya? Mota guda aka cika maƙil daga Jega, Inna Ummukulsum a gidan gaba, Murtala a bisa kaya yana kaɗa tire kamar ganga. Haka suka shiga Aliero da guɗa.

A rumfar Alhaji, Malam Lukman ya shirya babban tebur gwanin sha'awa: tuddai na yashi, rafi na shuɗin ƙyalle, ganuwa ta kwali. Abokansa malamai huɗu na zaune da rula a hannu. Alhaji ya sha farar shadda mai aiki. Can gefe ga motoci uku a jere, katakonsu na ƙamshi, ga kuma Yalwa zaune a kan buhu, an gayyato shi kallo. Sahabi ya yi masa wani irin murmushi na tausayi, ya buɗe kwali.

Lukman ya duba. Ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ja, kore, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, sai ka ce an zazzage kwandon alewa.

"Malam Sahabi... ina rundunar Turawa?"

"Ga su nan." Sahabi ya tsamo ukun nan ya tsayar. Mai neman allura ya kife, ya sake tayar da shi.

"Sittin nib ba ka!"

"Sauran sun gane gaskiya, Malam. Sun komo gida."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Sahabi ya ga haka, zuciyarsa ta yi fari ƙal, har ya fara zaɓen launin motar farko a ransa. Lukman ya ce ba a wasa da ɗari da sha bakwai a kan uku. Alhaji ya ce a yi haka nan, mutane sun zo daga nesa.

Nan rigimar jeri ta tashi. Kowa na son kakansa a sahun gaba. Murtala ya yi amfani da ƙirji ya dasa nasa a kan tudu, gaban kowa. Lukman, da fuska a murtuke, ya ja Turawansa uku da igwa gefe guda. Ya ɗora rula daga bakin igwa zuwa tudu, ya girgiza ƙwayar lido ya jefa. Shida.

"Harbi ya samu," ya ce. "Wanga ya mutu. A hidda shi."

"Wa yam mutu?" in ji Murtala.

"Mai jar riga."

"Kakana? Kai, Malam, ka iya bakinka! Kakana bisa gadonai yar rasu a garin Katanga, shekara casa'in da biyu, da haƙoranai duka! Wace ƙwayar lido ta za ta kashe shi?"

"Dokar wasa ta, Malam Murtala."

"Dokar wa? In ya mutu nan, ƙaƙa anka haihi ubana? In ba a haihi ubana ba, wa at tsaye gabanka?"

Malaman nan huɗu suka dubi juna. Lukman ya ce to a bar wannan, ya sake jefawa. Shida kuma. Rula ta nuna Hana Barci.

Inna Ummukulsum ta ɗaga sanda. "Taɓa shi ka gani."

Sai ga shi waɗanda ɗazu ke kokawar sahun gaba sun koma kokawar sahun baya. Hannuwa suka yi caa a kan tebur, kowa na janye kakansa bayan ganuwa. A nan ne aka gano abin da Sahabi bai lissafa ba: fentin mota mai kauri, ba tina, ba rana, kwana uku ba su isa ya bushe ba. Sama ya yi fata, ciki ɗanye shar. Duk wanda ya damƙi kakansa sai kakan ya damƙe shi. Wani ya yarfa hannu, kakan ya tashi sama ya sauka a hular wani malami. Wani ya share zufa ya koma da koren goshi. Rawunan fila suka fara ɓallewa, hulunan sojan Nasara na leƙowa daga ƙasa.

"La ilaha!" wani dillali ya yi ihu. "Nawa ɗan Nasara na!"

"Nawa ma!"

Alhaji ya miƙe don ya raba, ya miƙa hannu ta saman tebur yana cewa a yi haƙuri. Hannun babbar rigarsa ya share filin daga tun daga rafi har ganuwa. Da ya ɗago, kakanni goma sha huɗu na lilo a jikin farar shadda. 

Alhaji ya dubi hannun rigar. Bai yi faɗa ba. Ya ciro ɗaya ya karanta gindinsa, ya ciro wani ya karanta. Sannan ya juyo a hankali.

"Sahabi, na ga na mahauci. Na ga na mai hwaci. Kakana, wanda duk garinmu Danwarai anka san bakanai, ina shi?"

Wallahi Sahabi ya ba ni tausayi a nan. Ya raba wa Jega kaf kakanni, ya manta da mutum ɗaya tak wanda ke da motoci. Bakinsa ya bushe, amma bakin Sahabi ko ya bushe ba ya tsayawa. Ya nuna wani da ke manne a gwiwar hannun Alhaji.

"Ga shi nan, ranka shi daɗe! Ba ka ga ya gane jikanai ba? Shi yaf hwara riƙe ka!"

Alhaji ya ɓamɓaro shi ya juya. "Kakan Inna, Hana Barci."

"Ba ni abina!" Inna ta fizge. "Maƙaryacin banza, kakan nawa za ka ba wani ina tsaye?"

Sahabi ya kai hannu ga wani, mai shi ya buge hannun. Ya kai ga wani, Murtala ya yi gyaran murya. Ya duba gabas, ya duba yamma, duk wani soja da mai shi a tsaye a kansa. Idonsa ya sauka a ɗaya gefen teburin, inda marasa gata uku ke tsaye. Fa'iza ba ta nan balle ta taka masa ƙafa. Ya ɗauko mai neman allura, ya miƙa da hannu biyu.

"Alhaji... tunda dai kai hwari na..."

Wani malami ya shaƙe da ruwan da yake sha. Lukman ya dafe kai. Ko Yalwa da ba ya dariya sai da ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Alhaji ya sa hannu mai tsabta a aljihu ya fiddo makullai uku.

"Sahabi, soja nib ba ka wanda bai kai yatsa ba. Cikin kwana huɗu ka sake mai gari, ka sake mai sarki, ka ba shi jikoki a Jega. In nib ba ka mota hwa? Ta hita Aliero tawa, ta komo ta kakan Murtala." Ya juya. "Yalwa, amshi."

Yalwa ya karɓa, ya ce, "Na gode, Alhaji." Iyakar maganarsa ke nan a ranar.

Mutanen Jega suka yi ta sulalewa, kowa da kakansa a naɗe cikin leda, Lukman na bin su yana roƙo a mayar masa da kayansa, ba mai ko waiwaye. Sahabi ya samu buhun albasa ya zauna. Yana kallo Yalwa ya zaga motar farko, ya shafa katakon bayanta da tafin hannu, daidai inda mai fenti ke sa sunansa. Sahabi ya so ya ce katakon ma ba mai kyau ba ne, maganar ta ƙi fita. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Inna Ummukulsum ta zo wucewa, tana ɗaure Hana Barci a bakin zane. Ta tsaya ta leƙa fuskarsa.

"Kai, ɗan nan, kuka kaka yi?"

Sahabi ya goge ido da bayan hannu, ya bar shuɗin layi a kumatu. "Wane kuka, Inna? Albasa ta."

Inna ta dubi buhun, ɗaure tam da igiyarsa.

"Ba a yanka ta ba, Sahabi."